Ƙahon Anaruwa da Biran Dutsen Gurza

A can zamanin da, tun babu mai hawa Dutsen Gurza sai birai, fari ya koro wani maharbi mai suna Anaruwa da danginsa, suka tare a kansa. Anaruwa mijin Kyauta, kibiyarka ba ta dawowa da kunya! Amma fa Allah bai ba shi kunnen kiɗa ba. Yana da wani ƙahon gwanki da yake so kamar ransa, in ya busa shi kaji su daina ƙwai, jarirai su tsala ihu. Har sai da matarsa ta ce, "Maigida, ko ƙahon nan ko ni." Ya rataye shi a rumbu, ransa a ɓace.

Suka share gefen dutse, suka shuka ɗan irin accar da ya rage musu. Al'adarsu ce in acca ta fara nuna a yi wa ƙasa busa don ta saba da masu nomanta. Gwanayen sarewa suka zauna bakin gona. Kai, busa ta yi daɗi! Daɗin ne ma ya jawo masifa. Birai suka sauko garke guda, suna saurare suna cusa acca a baki kamar 'yan biki. Anaruwa ya kori na gabas, na yamma su shigo. Rabin gona ya tafi. In sauran ya bi, sai dai a sauka a koma cikin yunwa.

Takaici ya ishe shi. Ya ce tunda tashi za a yi, shi ma sai ya yi wa dutsen ban kwana. Ya ciro ƙaho, ya hau wani falalen dutse, ya cika kumatu ya busa. Wayyo! Dutse ya karɓi ƙarar ya mayar da ita ta kowace kusurwa. Birai suka watse, goyo na faɗuwa ana tsinta, ba su ƙara waiwayowa ba.

Kyauta ta zare yatsu daga kunnuwa ta ce, "Maigida, ƙara!"

Sai da ya yi hawaye, don tunda aka haife shi ba a taɓa ce masa ya ƙara ba.

Har yau a Gurza, in acca ta nuna, gwanaye ɓoye sarewarsu suke yi sai an gama girbi. Wanda ya fi kowa rashin iya busa ake danƙa wa ƙahon, kuma damin farko nasa ne. Shi ya sa in ka kuskura ka yabi busar ɗan Gurza, uwarsa za ta bi ka da harara.