Rufin Ɗakin Mama

Akwai wani mutum a ƙasar tuddai, inda sanyi yake tsananta har ruwan randa ya gagari hannu. Ya ci gadon gidan mahaifinsa, yana zaune a ciki da matarsa da 'ya'yansa da mahaifiyarsa, wadda ta tsufa ƙwarai.

Tsohon gida ne, ginin ƙasa, rufin kwano, da silin na katako a ƙarƙashin kwanon. Sa'ad da uban ya gina shi, ya cike tsakanin kan bango da kwano da laka, ya kuma shimfiɗa ciyawa a bisa silin, don kada iska ta sami hanya. Amma shekaru suka tura. Gara ta cinye ciyawar, lakar ta tsattsage ta zube, ɓeraye suka ƙarasa abin da ya rage. Iska ta riƙa shiga ta ƙarƙashin kwano, tana sauka cikin ɗakuna ta tsagar katako.

Da lokacin sanyi ya matso, sai mutumin ya ce zai gyara da kansa. Ya kwaɓa laka da ciyawa, ya cika buhuna da ƙaiƙayin acca, ya kafa tsani ya hau ta 'yar ƙofar silin. Ya fara daga saman falo, inda baƙi suke zama. A nan rufin yana da tsayi, mutum yana iya durƙusawa ya yi aiki a sake. Ya liƙe kowace kafa, ya jera buhunan tsaf. Ya wuce saman ɗakinsa, ya yi haka nan.

Saura ɗakin baya, inda Mama take kwana. Can kuwa kwanon ya sauko ƙasa sosai, sai mutum ya kwanta rub da ciki ya ja jiki kafin hannunsa ya kai kan bango. Ga kashin jemage, ga yanar gizo, ga ƙusoshi sun leƙo daga kwano. Mutumin ya haska tocila ya duba, ya ga haske yana shigowa ta kafofi tun daga wannan kusurwa har waccan. Bayansa yana ciwo. Ya ce a ransa, "Wa zai hau nan ya gani?" Sai ya sauko, ya kawar da tsani, ya yi wanka.

Matarsa ta tambaye shi, "Maigida, an gama?"

Ya ce, "An gama duka."

Falo ya yi ɗumi. Dattawan ikilisiya suka zo gaisuwa, suka cire hulunan sanyi, suka yaba masa. Shi kuwa ya yi ta ba su labarin yadda ya sha wahala a cikin rufi.

Amma iskar da aka hana ta gaba ba ta daina shiga ta baya ba. Mama ta fara tari. Wata safiya ta ce masa a hankali, "Ɗana, ɗakin nan har yanzu sanyi yake saukowa daga sama."

Ransa ya ɓaci, gama ya san gaskiya ta faɗa. Ya ɗaga murya ya ce, "Mama, ni na hau da kaina. Na toshe ko'ina. Tsufa ne kawai, jininki ne ya yi sanyi."

Ta sake faɗa bayan 'yan kwanaki. Ya juya kan matarsa, wai ba ta ba tsohuwa isasshen bargo. Ya zagi yara, wai suna barin taga a buɗe. Ya kira kafinta ya sake ƙofar ɗakin, aka liƙe tagar da tsummoki, duk don kada a ce rufi ne. Gidan ya cika da faɗa saboda sanyin ɗaki guda, har kowa ya koyi yin shiru. Mama ma ta yi shiru, gama ba ta so ta mai da ɗanta maƙaryaci a gaban iyalinsa.

Sai ta nemi wa kanta dabara. Ta riƙa ɗibar garwashi daga murhu a cikin kasko, tana shiga da shi ɗaki, ta rufe ƙofa, ta ajiye kusa da kanta. Matar ta gani, amma ta ji tsoron faɗan da zai tashi in ta yi magana.

Wata rana gari ya waye, rana ta fito, Mama ba ta fito ba. Aka buga ƙofa, shiru. Aka ɓalle, aka same ta kwance, fuskarta daf da kaskon gawayi, numfashi da ƙyar. Suka kai ta asibiti. Ta farfaɗo, amma iskar gawayin ta taɓa mata ƙwaƙwalwa. Ta dubi ɗanta kamar yadda ake duban baƙo, ta gaishe shi da ladabi, ta tambaye shi daga wane gari yake.

Mutumin yana da yaya, sunanta Tabita, tana aure a wani gari. Da ta ji labari ta zo. Ta shiga ɗakin baya ta tsaya, ta ji iska a tsakar kanta. Ta ɗauko tsani, ta ɗaura zane da kyau, ta hau. Ta daɗe a ciki. Da ta sauko, gaban rigarta duk kashin jemage ne, ƙusa kuma ta yanke ta a kafaɗa.

Ta same shi a falo da masu jaje. Ba ta jira sun tashi ba.

Ta ce, "Ka ce ka toshe ko'ina."

Ya ce, "Yaya, bari baƙi su tafi."

Ta ce, "A'a, su zauna. Ai dominsu ka yi aikin. Na ga inda buhunanka suka ƙare. Daidai bangon ɗakinka suka tsaya. Na ga ragowar lakar da ka kwaɓa, ta bushe a cikin bokiti, kusa da wurin. Da gajiya ka yi ka ce ka gaji, da ni na zo na ƙarasa. Amma ka sani, ka ce mata jininta ne ya yi sanyi. Matar da ta goya ka ta ce tana jin sanyi, ka daka mata tsawa."

Baƙin suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Tabita ta tafi da Mama gidanta. A ranar mutumin ya hau rufin, ya kwanta rub da ciki, ya liƙe kafofin nan duka. Kafin la'asar ya gama. Ɗakin ya yi ɗumi fiye da kowane ɗaki a gidan, ba kuwa wanda ya ƙara kwana a ciki.

Ma'anar wannan misali ita ce, gidan nan rayuwarka ce. Falo shi ne abin da mutane suke gani, wato zuwanka sujada, da kyakkyawar rigarka, da addu'arka mai daɗin ji. Saman ɗakin baya kuwa shi ne wurin nan na zuciyarka da ka san ya lalace, ka duba, ka ga gyaransa sai an ƙasƙantar da kai, sai ka sauko ka ce an gama.

Ku lura, zunubin mutumin nan ba gajiya ba ne. Kowa yana gajiya, Allah ma ya san mu ƙura ne. Zunubinsa shi ne ya yi ƙarya, sa'an nan ya kafa fushi a bakin ƙaryar ya zama mai gadi. Duk wanda ya matso kusa da gaskiya, sai ya sha tsawa.

Ina faɗa muku wannan da ɓacin rai, gama irin wannan gida ba shi da wuya a samu a tsakaninmu. Mutum yana shan giya a ɓoye, in matarsa ta yi magana ya ce ba ta da biyayya. Mace tana gallaza wa 'yar riƙo, in yarinyar ta rame a ce ba ta da godiya. Shugaba ya san inda ya kauce, in wani ya tambaya ya ce ana raba ikilisiya. Kuna tsammani abin ya tsaya a kanku? Bai tsaya ba. Mai falo bai taɓa jin sanyi ba ko sau ɗaya. Mafi rauni a gidan ita ce ta sha shi, ita ce kuma aka tura neman ɗumi a wurin abin da zai hallaka ta. Haka 'ya'yanku suke zuwa neman ta'aziyya a mugayen wurare, don kun hana su faɗin abin da yake damunsu a gida.

Ubangiji ba baƙo ba ne da za a zaunar a falo. Ya san kowane lungu, zai kuma tambaye ku game da waɗanda ya sa a ƙarƙashin rufinku. Yana gafarta wa mai tuba, wannan gaskiya ne, ban kuwa rage kome daga cikinta ba. Amma akwai ɓarnar da tuba a makare ba ta mayar da ita.

Saboda haka kada ku tashi daga nan kuna tunanin maƙwabcinku. A gidanku akwai wanda ya daɗe yana gaya muku abu ɗaya, kuna yi masa faɗa. Yau yana iya magana, yana kuma gane ku. Ku koma gida, ku rufe bakinku, ku bar shi ya faɗa har ƙarshe.