Moton Ɗanƙarami

Akwai wani mutum a garin Dogo, Hamisu, da ya shekara shida yana yi wa ƙungiyar manoman gyaɗa aiki. Shi da abokin aikinsa Ɗanƙarami suke zaga ƙauyuka suna raba iri. Hamisu dogo ne sosai. Ɗanƙarami kuwa da ƙyar yake kai masa kafaɗa.

Da ƙungiya ta sayi sabon moto, wato babur, shugabanta Alhaji Mahamud ya miƙa wa Ɗanƙarami makulli, don shi ke da ƙauyuka mafi nisa. Hamisu ya tafa tare da kowa, amma ranar bai iya cin tuwo ba.

Ɗanƙarami ya hau, ƙafafunsa suna lilo, ko yatsa bai taɓa ƙasa ba.

"A kawo masa turmi ya riƙa takawa!" in ji Hamisu. Aka yi dariya, har da Ɗanƙaramin.

Alhaji ya ce, "Ku kai moton Zinder wurin Kolo makanike. Ya rage soson sirdi, yatsa huɗu kawai."

Ranar tafiya aka kira Ɗanƙarami zuwa garin Tirmini, sai Hamisu ya ce shi zai kai. Tun a hanya ya shirya abin da zai faɗa. Ya san rairayin hanyoyinsu. In aka gajarta amortisa, ƙarafan da ke ɗaga cikin moto daga ƙasa, moto ya yi ƙasa da yawa, cikinsa zai riƙa kafewa, Ɗanƙarami ya gaji da turi, a ƙarshe makulli ya dawo hannun mai ƙarfi.

"Baba Kolo, Alhaji ya ce a sauke shi taƙi guda cur. A gajarta amortisa, gaba da baya."

Kolo ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin moton. "Ɗana, a rairayin Dogo? In na taɓa amortisa, wannan garma zai zama, ba moto ba."

"Haka aka aiko ni. Taƙi guda."

"To, taƙi guda za ka samu. Ka dawo jibi."

Kolo bai taɓa amortisa ba. Ya yanke ƙarfen da sirdi ke zama a kai, ya yi masa walda a ƙasa, ya fafe soso, ya jawo kan moton baya, don gajeren hannu ya kai. Cikin moton yana nan a inda yake, mazaunin ne kaɗai ya sauka.

Da aka kawo shi Dogo a bayan mota, Ɗanƙarami ya hau, tafin ƙafarsa biyu suka zauna daram. Ya zaga fili ya dawo yana washe baki. "Hamisu, Allah ya saka! Kamar an auna ni."

Alhaji ya matso ya dubi waldar.

"Wa ya ce a yanka ƙarfe? Soso na ce. Na riga na sayi sirdi na biyu, mai tsawo, don ku riƙa musanyawa: kwana uku shi, kwana uku kai. Na bari sai an dawo in gaya muku."

Hamisu ya ce, "Ai... ai zan iya hawa haka nan, Alhaji."

Ya hau. Gwiwoyinsa suka tokare kan moton, ya kasa juya shi dama ko hagu. Aka gwada sabon sirdin, bai zauna a kan ƙarfen da aka yanke ba.

Alhaji ya buga wa Kolo waya a gaban kowa. Muryar tsohon ta fito sarai: "Abin da na yanke ba ya komawa, Alhaji. Ɗan aikenka ne ya ce taƙi guda, har da amortisa ya so."

Ɗanƙarami ya daina murmushi. Ya dubi Hamisu, ya ce a hankali, "Duk ranar da za ka fita, ka gaya mini. Zan ɗauke ka a baya."

Haka ake ganinsu har yau, gajeren yana tuƙi, dogon a baya rungume da buhun iri.

Darasi: Mai hassada yakan lalata rabonsa da hannunsa, tun bai san an ajiye masa ba. In an ba ɗan'uwanka, yi masa murna ka jira naka. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan aiki, wataƙila wani ya janye hannunsa kafin ya yanke.