Askin Ungulu a Gidan Jatau

Dalilin da ya sa ungulu take da sanƙo, kuma ba ta da wurin zama sai inda ake yanka, wuƙar gidan Jatau ce ta jawo. Ku daina jifanta ku zo ku ji. Kai Ɗanlami, ajiye dutsen nan! Me ta ci maka? Baiwar Allah ce da aka cuta.

A da can, lokacin da tsuntsaye suke hira da mutane, babu mai gashin ungulu. Baƙi wuluk, ya sauko har kafaɗa, kullum yana shan man kaɗanya. In ta sauka a bakin rijiya sai mata su saki guga su tsaya kallo. Aibinta ɗaya ne, kwaɗayi. Da ta ji ƙanshin nama sai hankalinta ya bar jikinta.

To, a garin akwai wani mutum Jatau da matarsa Tabawa. Duk Babbar Sallah mahaifin Tabawa, Baba Shekarau, a gidansu yake cin abinci, shi ne kuma yake yanka musu rago. Wata shekara Jatau ya miƙa wa surukin nasa wuƙar girkin Tabawa bai wasa ta ba. Tsoho ya yi bisimilla ya goga, ya sake gogawa. Rago ya lumshe ido, ya ɗauka susa ake yi masa. Sai da aka zaga unguwa neman aron wuƙa, kowa yana tambaya me ya sami ta gidan. Baba bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Sai ya dubi 'yarsa ya ce, "Tabawa, da wannan kike yanka albasa? Sannu da haƙuri. In baɗi ma haka ne, gidan mijin ƙanwarki zan yi Sallata."

Wayyo, kunya! Ga shi Jatau da mijin ƙanwar nan ba sa shiri ko kaɗan. Shekara ta zagayo maganar tana cin sa a rai.

Ranar Sallah, ana saukowa daga idi, Jatau ya tuɓe riga, ya ɗauki wuƙa da dutse da ruwa a ƙoƙo, ya zaga bayan rumbu, don ba a wasa wuƙa a gaban dabbar da za a yanka. Ya wasa, ya wasa, har tana ƙyalli. Kun san yadda maza suke gwada kaifi, a ɗora a hannu a aske gashi. Ya ɗora, gashi ya zube. Har ya miƙe da murna, sai wani tunani ya zo masa: "Kai, askin nan da na yi ai ya rage mata kaifi." Ya koma ya wasa. Da ya gama, to yaya zai san ta yi? Sai ya sake gwadawa. Da ya gwada kuma ya rage mata kaifi, sai ya koma kan dutse.

Haka hannun hagu ya ƙare, na dama ya ƙare, ƙwauri ya bi, ƙirji ya bi. Gemu kawai ya bari, don Baba zai gani.

Tabawa ta leƙo da ludayi a hannu ta ce, "Maigida, wuƙa kake wasawa ko fige kanka kake yi?"

Jatau ya ƙura wa kanta ido ya ce, "Tabawa, ɗan matso nan."

Ta dafe ɗankwali. "Wallahi ka taɓa mini kitson Sallah, ni zan riga Baba isa gidan ƙanwata!" Ta koma wurin tukunyarta.

Duk abin nan ungulu tana kan tsamiya tana kallo, tana haɗiyar yawu saboda ragon da ta gani a ɗaure. Sai ta sauko tana kaɗa gashi ta ce, "Barka da Sallah, Jatau. Na ga kayan gwajinka sun ƙare. In na ba ka ɗan kaɗan a ƙeya, inda ba a gani, me za ka ba ni?"

Ya ce, "Hanji."

"Duka?"

"Duka."

Ta sunkuya, ya shafta, gashi ya zube. Sai mutumin naku ya koma kan dutse. Ungulu ta gane ciwonsa, ta ce, "Za ka sake ne? Wannan karon sai dai da tumbi." Ya ce ya ba ta. Bayan tumbi huhu, bayan huhu ƙoda. Shi yana aski, ita tana lissafin farfesu, babu mai cewa ya isa.

Can ta leƙa ruwan ƙoƙo ta ga kanta, gefe ɗaya fayau, gefe ɗaya da gashi. Ta ce, "Innalillahi! Jatau, haka zan shiga mutane ranar Sallah? Daidaita mini. Amma fa hanta tawa ce."

Jatau ya ce, "Haba ungulu, hanta ai ta Baba ce, ita ake fara gasa masa."

"To a bar shi. Ka kai masa wuƙar haka ba gwaji, mu ga ko ragon bana ma yana son susa."

Ba ta rufe baki ba sai ga sallamar Baba Shekarau a ƙofar gida. Jatau ya zabura. Ya ce, "Na ba ki! Na ba ki!" Ya damƙi kanta, ya share shi tas har wuya, ya zura riga ya fita da gudu.

Ya durƙusa ya miƙa wa Baba wuƙa da hannu biyu. Tsoho ya jujjuya ta, ya yi bisimilla, ya ɗora sau ɗaya, shi ke nan. Ya dubi Jatau ya ce, "Madalla. Yau na zo gidan maza." Jatau har da ƙwalla don daɗi. Aka yi fiɗa, wuƙa tana ratsa nama ba gardama. Tabawa ta ɗora farfesun kayan ciki, aka gasa hanta, aka shimfiɗa tabarma, dangi suka zauna ga waina ga miya.

Baba ya ɗauki hanta ke nan zai kai baki, sai jif! wata halitta ta dira a tsakar gida, kai jajawur ba ko sili, wuya duk a yamutse. Yara suka watse, sannan suka dawo suna dariya.

Ta ce, "Jatau, na zo karɓar hantata, da hanji da tumbi da huhu da ƙoda."

Hannun Baba ya tsaya a sama. Ya ce, "Jatau, kyauta ka yi da hantar ragon da na yanka?"

Gumi ya karyo wa Jatau, ga shi ba gashin da zai tare shi. Ya dubi ungulu, ya dubi Baba, ya tuna gidan mijin ƙanwar Tabawa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, na dai yi hira da ungulu ɗazu. Amma ungulu kowa ya san ta, gashi har kafaɗa. Wannan kam ban taɓa ganinta ba."

"Ni ce! Kai ka aske ni! A je bayan rumbu a ga gashina!"

Aka je, ashe Tabawa ta share wurin ta zuba a murhu.

Baba ya ce, "Baiwar Allah, ba a shari'a ranar Sallah. Je ki, in gashi ya tsiro ki dawo mu gani. In ke ce, za a ba ki." Ya jefa hanta a baki ya ce a ƙaro yaji.

Ungulu ta hau katanga tana kallo har aka suɗe tukunya. Jatau bai yarda sun haɗa ido ba. Shi dai ya tsira da mutuncinsa, Baba bai taɓa kai Sallarsa wani gida ba. Ita kuwa, wuƙar da aka wuni ana wasawa ba saman gashi kawai ta ɗebe ba, har saiwa ta tafi da ita.

Shi ya sa har yau kan ungulu fayau yake, ko sili bai fito ba. Da ta ji ƙarar wuƙa a kan dutse sai ku ga ta sauka a katanga, ta cusa wuya cikin kafaɗa don kunya, tana juya kai hagu da dama ko wani zai ce ya ga tsiro. Ga ta can ma tana kallonmu. Tashi, Ɗanlami, ɗauki hanjin nan ka jefa mata, a rage wa Jatau nauyin bashi.