Lasifikar Kusurwar Tsofaffi

Akwai wani mutum mai suna Irmiya, wanda shi ne ke lura da na'urar sauti a majami'ar garinsu. Kowace Lahadi yakan riga kowa zuwa, ya jona wayoyi, ya sauya batir, ya gwada makirufon Fasto da na mawaƙa ɗaya bayan ɗaya. Mutumin ya iya aikinsa ƙwarai. Idan makirufo ya yi ƙarar nan mai tsinka kunne a tsakiyar wa'azi, kafin mutane su juyo ya kashe ta. Idan muryar mai waƙa ta shaƙe, ya san ko waya ce ta saki, ko batir ne ya yi sanyi, ko kuwa mai waƙar ce ta riƙe makirufon nesa da bakinta. Yana da teburinsa a bayan majami'a, da wani abin ji da yake rufe kunnuwansa da shi, ta nan yake jin duk abin da ya shiga na'urar.

A cikin ikilisiyar nan akwai wata gwauruwa, Mama Saraya. Wurin zamanta a kusurwar hagu yake, kusa da taga, inda tsofaffin mata ke zama don iska. Ba ta iya karatu ba, don haka duk abin da ta sani na Maganar Allah da kunne ta same shi. Tana da ɗa guda, Ishaku, magini ne. A daminar shekarar nan ya faɗo daga kan rufi, ya karye a ƙugu, aka kwantar da shi a gida.

Wata Lahadi bayan an tashi, Mama Saraya ta dogara sandarta har teburin Irmiya, ta gaishe shi, ta ce masa yau ba ta ji wa'azi ba. Irmiya ya duba fitilun na'urarsa, ya ce komai lafiya yake. Mako ya zagayo, ta sake zuwa da maganar. Ya ce mata shi kam ya ji kowace kalma, har numfashin Fasto ma yana ji. A karo na uku, yana cikin naɗe waya, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Mama, na'ura ba ta ƙarya. Shekaru ne suka zo, kunne kuwa yakan gaji."

Tsohuwar ta ce masa Allah ya ba da haƙuri, ta tafi. Daga ranar ba ta ƙara damunsa ba. Bayan 'yan makonni kuma aka daina ganinta a sujada. Irmiya ya lura, amma ya ce a ransa jinyar ɗanta ce ta riƙe ta.

Ana nan, wata Lahadi Fasto ya ce baƙi su tashi a san su. Sai wata mata ta miƙe a kusurwar nan ta hagu. Irmiya ya cire abin jinsa, ya ɗauki makirufo marar waya, ya ratsa tsakanin benci ya kai mata. Yana tsaye kusa da ita, Fasto ya tambaye ta sunanta da inda ta fito. Matar ta zuba wa Fasto ido, ba ta amsa ba. Ya sake tambaya, ba ta amsa ba. Can aka fara murmushi a gaba.

Irmiya kuwa bai yi murmushi ba, gama shi ma bai ji tambayar ba. Yana ganin bakin Fasto yana motsi, amma abin da ke isowa wurin sai wani gunaguni kamar ana magana a cikin tulu. Ya ɗaga kai ya dubi lasifikar da ke rataye a bangon. Ko tari ba ta yi. Ya dubi tsofaffin matan, ya ga duk sun kafa wa bakin Fasto ido, sai sun ga na gabansu sun sunkuyar da kai su ma su sunkuyar, "Amin" ɗinsu kuma yana zuwa bayan na kowa. Ya ga wurin Mama Saraya babu kowa.

Da aka tashi ya kawo tsani, ya bi wayar da hannu. A bayan wani ginshiƙi ya tarar ruwan yoyo ya ci mahaɗar, ta yi tsatsa ta rabu. Ya yanke, ya fere, ya haɗa, ya naɗe. Gyaran bai kai minti goma ba. Ya zauna a kan bencin nan ya daɗe, gama ya gane cewa wata biyu ke nan kusurwar ba ta ji komai ba.

Da la'asar ya nufi gidan Mama Saraya. Ya same ta tana dama wa majinyacin kunu. Bayan gaisuwa ya durƙusa, ya gaya mata abin da ya gano, ya ce kunnenta lafiya yake, laifin nasa ne, ta gafarta masa. Ta ce ba komai, ta yafe. Amma da ya roƙe ta ta dawo sujada, sai ta kau da kai.

"Ɗana, ba wa'azin kaɗai ba ne," in ji ta. "Shekara talatin da bakwai ina cikin ikilisiyar nan. Yaron nan ya kwanta, na zauna Lahadi biyar ina kasa kunne ko za a ambaci sunansa a addu'a. Ban ji ba. Na tambayi matan da muke zama tare, su ma ba su ji ba. Sai na ce, to, an manta da mu."

Irmiya ya matso kusa da ita. Ya ce, "Mama, babu Lahadin da ba a yi masa addu'a ba. Da sunansa. Har yau da safe. Ni na ji da kunnena."

Tsohuwar ta ajiye ludayin, ta rufe fuska da gefen zanenta. Daga cikin ɗaki Ishaku, wanda yake jinsu tun ɗazu, ya ce a sake faɗa masa, su wa da wa suka yi addu'ar. Irmiya ya shiga ya zauna a bakin gadon, ya lissafa masa su. Lahadin da ta biyo Mama Saraya ta dawo wurinta. Irmiya kuma, tun daga lokacin, da an fara waƙar farko yakan bar teburinsa ya zaga majami'ar kusurwa kusurwa, yana saurara daga inda mutane suke.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ita ce: abin da kake ji a naka kunne, ba lalle shi ne yake isa ga ɗan'uwanka ba. Irmiya bai yi ƙarya ba sa'ad da ya ce yana ji. Kuskurensa shi ne ya auna majami'a duka da kunnensa, ya gaskata na'ura fiye da mutum. Haka muke yi. Miji ya ce ai matata ta san ina ƙaunarta. Uba ya ce ai yaran sun san don su nake wahala. Ikilisiya ta ce ai muna yi wa marasa lafiya addu'a. Gaskiya ne duka, a wurin mai faɗa. Amma ƙaunar da ba ta isa ba, wanda ke jiranta ba ya iya bambanta ta da mantuwa.

Saboda haka, idan wani ya zo ya ce maka bai ji ba, ko an manta da shi, ko maganarka ta yi masa ciwo, kada ka yi saurin cewa kunnensa ne. Ka tashi daga wurinka, ka je ka zauna inda yake zaune. Ubangijinmu ma bai tsaya daga sama yana yi mana magana ba, ya sauko ya zauna tare da mu. A makon nan, kowa ya tuna da mutum ɗaya da ya daina yi masa ƙorafi. Wataƙila ba gamsuwa ya yi ba, gajiya ya yi. Ka je wurinsa tun yana jira.