Fitila a Cikin Rijiya

Akwai wata mata a Fadan Kagoma, sunanta Yemima. Ita da mijinta Abednego citta suke nomawa. Mace ce mai tsoron Allah, ba ta fashin zumuntar mata, amma in aka ce mata mutum baƙo ne daga wata ƙasa, shi kenan, ko gaisuwarsa sai ta bincika.

Da rani ya yi nisa, rijiyar gidansu ta cika da laka. Abednego ya kawo wani mai yasar rijiya, Isufu, mutumin Tawa a Nijar. A lokacin kwamitin unguwa ya kafa doka: duk baƙon da aka kai ƙararsa, a kore shi.

Tun ranar farko Yemima ta sa masa ido. Ba ya yawan magana, wannan laifi ne. Yana kallon katanga, wannan ma laifi ne.

Wata safiya ta leƙa ta taga. Ga rana ta fito sarai, sai ga Isufu ya kunna fitila ya sa a guga, yana zura ta cikin rijiyar a hankali, bakinsa na motsi. Da ya jawo, fitilar ta mutu. Ya girgiza kai, ya ɗaure reshen mangwaro a igiya, ya dinga jefa shi ciki yana jawowa.

Ruwan da 'ya'yanta za su sha! Ba ta tambaye shi ba, ba ta jira mijinta ba. Zani kawai ta gyara, sai gidan mai unguwa.

"Baba, wannan mutum asiri yana yi mana a rijiya. Da idona na gani."

Matasa suka zo suka tasa Isufu gaba. Ya so ya yi bayani, wani ya ce ya rufe baki. Aka zaunar da shi a zauren mai unguwa, ana jiran motar da za ta fitar da shi daga gari.

Abednego ya dawo daga gona ya ji labari. Ya ce ai ba wani abu ba ne, lakar da ta rage shi zai kwashe. Ya ɗaura igiya a bishiya ya sauka.

Yemima ta ji ƙarar gugan, daga nan shiru. Ta kira shi, ba amsa. Da ta leƙa, ta hango shi a kife a ƙasa. Ihunta ya tara unguwa, maza suka kewaye rijiyar, amma babu wanda ya yarda ya shiga.

Isufu ne ya ji ihun daga zauren, ya kutso cikinsu a guje. Ya ce iskar ƙasa ta ɓaci, shi ya sa wutar ta mutu da safe, reshen kuwa iska yake korawa da shi. Ya ɗaure kugunsa, ya ba matasan da suka kama shi bakin igiyar, ya cika ƙirji da numfashi ya sauka.

Da aka jawo su, Isufu na layi, Abednego kuma ba ya motsi. Sai da aka yi ta danna masa ƙirji kafin ya yi tari.

Kunya ta kama Yemima, kunyar da ba ta taɓa jin irinta ba. Ta durƙusa tana kuka, ta ce za ta janye ƙarar, ya zauna a gidansu in yana so.

Isufu ya naɗe igiyarsa.

"Na gode, Mama, amma tahiya zan yi. Yau kin yarda da ni don mijinki ya hwaɗa rijiya. Baƙon da zai zo bayana, wa zai hwaɗa rijiya dominsa kahin ku tambaye shi?"

Darasi: Abin da ba ka gane ba a wurin baƙo, tambaye shi kafin ka kai ƙararsa. Da yawa daga cikinsu aikin da muke tsoro suke yi mana. Ku tura wa 'yan'uwa da 'yan kwamitin unguwarku su karanta.