Yaya Babba da Ikon Goge Hoto

Akwai wani magidanci mai shagon sayar da tayoyin mota, wanda duk gidansu ke kira Yaya Babba. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake, amma fa yana son girma kamar me.

Bayan rasuwar mahaifinsu, autar gidan, wadda ke aikin kwamfuta a wani ofis, ta lura hotunan iyali suna ta salwanta. Wayar wannan ta faɗa ruwa, ta wancan an sace, kowacce kuma da hotunanta take tafiya. Sai Auta ta buɗe musu ma'ajiyar hotuna a intanet, ta bi kowa ta karɓi abin da ya rage a hannunsa ta zuba a ciki.

Daga nan ta raba matsayi. Jikoki da surukai kallo kawai za su yi. 'Ya'yan gida su kalla, su kuma ɗora sabon hoto. Ikon gogewa kuwa ta bar wa mai kula da ma'ajiyar, wato ita.

Ranar da Yaya Babba ya gane haka, a falon mahaifiyarsu Inna ya ritsa ta.

"Auta, ni da na goya ki, yau ni ne a ƙasanki?"

"Yaya, ba maganar girma ba ce. Kowa daidai aikin da zai yi na ba shi. Kai me za ka goge?"

"Ko ba zan goge komai ba, ya kamata a ce ina iyawa."

Ya yi ta mita har Inna ta gaji, ta ce, "Ke ba shi mana, mu huta."

Auta ba ta so ba, amma ta yi haƙuri ta ɗaga masa matsayi. Ta ce, "Yaya, abin da ka goge a nan ba daga wayarka kaɗai ya tafi ba, daga wurin kowa ya tafi." Ya ce ya ji. Ni dai na san kunnensa ne ya ji, hankalinsa yana can wurin murnar ya zama mai kula.

To, kun san zaman shago idan babu ciniki. Yaya Babba sai ya jingina da tulin tayoyi yana duba hotuna. Ya ga wanda tumbinsa ya riga shi shiga hoto, ya goge. Ya ga wanda aka kama shi da loma a kumatu, ya goge. Wanda yake gyangyaɗi a kujera, shi ma ya bi sahu. Fuskarsa kaɗai yake dubawa, bai taɓa kallon waɗanda ke gefensa ba. A ransa shara yake yi wa iyali, har yana jin ya cancanci godiya.

Ana nan sai aka yi wa falon Inna sabon fenti. Ranar da 'ya'yan suka taru don mayar da kaya, ta tsaya tana kallon bango.

"Akwai wani hoto da muke tsaye duka a ƙofar gida, babanku yana dariya har hularsa ta karkace. Shi nake so a wanke mini babba, a rataye a nan."

Auta ta buɗe ma'ajiya ta duba, babu. Kowa ya zaro waya aka yi ta lalube, babu. Wayar da ta ɗauki hoton kuwa tuni ta mutu.

Inna ta ce, "Ba komai, ku bar shi." Amma yadda ta juya ta kama goge teburin da babu ƙura a kansa, kowa ya san akwai komai.

Yaya Babba ya kawar da kai. Ya tuna hoton sarai. Atishawa ce ta kama shi daidai lokacin da aka ɗauka, baki a wangale, ido a rufe, hanci a yamutse. Da hannunsa ya goge shi, kuma bai ma lura mahaifinsa na dariya a ciki ba.

Ya bi Auta kicin, ya ja ƙofa. Babban mutum da shi, murya ta koma ƙasa-ƙasa.

"Auta, ni ne. Ni na goge."

Ta dube shi. Tana da damar ta ce ai na gaya maka, amma ba ta ce ba. Sai ta ce, "Yaushe? Abin da aka goge yana ɗan zama a kwandon shara kafin ya tafi gaba ɗaya."

"Ban sani ba. Da yawa na goge."

Suka haɗa kai a kan wayarta, shi yana share gumi da hula. Waɗanda ya fara gogewa sun riga sun tafi, babu mai dawo da su. Auta ta ci gaba da jan allo har can ƙarshe, inda na daf da tafiya suke. Sai ga bakin Yaya Babba a wangale, ga Baba a gefe yana dariya.

Suka dawo da hoton daga kwandon, suka kai wa Inna. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta ƙura wa hoton ido. Don a rufa wa yayanta asiri, Auta ta ce, "Inna, mai wankin hoto zai iya yanke gefen da Yaya yake."

"Kada wanda ya yanke mini ɗa," in ji Inna. "Ku ba ku san me ya sa babanku yake dariyar ba? Lokacin yana jinya, ya daɗe ko murmushi ba ya yi. Atishawar yayanku ce ta firgita mai ɗaukar hoton, babanku ya kasa riƙe dariya. Ita ce dariyarsa ta ƙarshe da na gani."

Yaya Babba ya sunkuyar da kai, hawaye suka zubo masa, bai ɓoye ba. Abin da ya fi jin kunya a duk hotunan, ashe shi ne abin da ya fi faranta wa mahaifinsa rai.

Da ya natsu sai ya miƙa wa Auta wayarsa. "Sauke ni. Mayar da ni mai kallo."

"Mai ɗorawa dai, Yaya, kamar sauran."

"To, amma ki cire wannan abin gogewar kafin hannuna ya sake ƙaiƙayi."

Shi da kansa ya kai hoton wanki, ya zaɓi firam mafi girma. Yanzu duk baƙon da ya shiga falon Inna sai ya yi dariya, shi kuma Yaya Babba ya matso kusa ya ce, "Dariyar da ka yi, Baba ne ya fara yin ta."

Darasi: Ikon da ba ka da aikin yi da shi, kada ka nema don girma kawai. Idan an taƙaita maka izini, ba raini ba ne, kariya ce gare ka da abin da kuka mallaka tare. Ku tura wa guruf ɗin gidanku, musamman idan kuna da naku Yaya Babban.