Benen da Aka Saya Babu Matakala

Akwai wani mai gyaran firji, jama'a, wanda duk layinsu ba a kiransa da komai sai Mai Firji. Sana'arsa sanyi ce, amma zuciyarsa kamar dutsen guga. Mutumin kirki ne, sai dai kafin ka gama magana ya tafasa.

Shekara da shekaru yana zaman haya yana tari, burinsa ɗaya: mahaifiyarsa, Inna, ta kwana a ɗakin da babu mai ƙwanƙwasa mata ƙofa a ƙarshen wata. Inna ta tsufa, gwiwoyi sun gaji, idanu ma sun fara yin baya.

Ana nan aka yi masa tallan saman wani bene. Gidan gado ne na wata dattijuwa da ƙanenta, ƙasa nata, sama nasa, shi kuma ƙanen yana son sayar da rabonsa. Mai Firji ya je ya gani ranar da dattijuwar ba ta gida. Ya hau matakala, ya leƙa ɗakuna, ya tsaya a baranda iska ta buge shi, ya ce ya saya.

Da aka zo batun takardu, matarsa ta ce ai ɗan kawunta lauya ne. Kowa a dangi Barista yake ce masa. Mutum ne mai ƙiba da ƙamshin turare, ko zafi ya kai ina ba ya cire kwat.

To a nan aka fara kuskure. Mai Firji ya ji nauyin ya tambayi yayan matarsa nawa ne kuɗin aiki, Barista ma ya ji nauyin faɗa. Sai kowa ya yi lissafinsa a zuci. Mai Firji ya ɗauka kyauta ce. Barista ya ɗauka da “Allah ya bar zumunci” za a sallame shi, don haka ya yi aikin daidai na wanda ba ya sa ran ko sisi.

“Barista, ba za ka je ka ga gidan ba?”

“Haba mijin ƙanwata. Mu takarda muke karantawa, ba bulo ba. Sa hannu nan.”

Ranar tashi, motar kaya ta tsaya a ƙofar gida. Sai ga ƙofar matakala da kwaɗo kamar dunƙulen hannu, ga dattijuwa a kan kujera a gefenta tana jan carbi. Mutanen layin Gwaggo suke kiranta.

“Sannu da hutawa. A buɗe mana, za mu shigar da kaya.”

“Za ku ina?”

“Gidana.”

Gwaggo ta nuna sama da carbinta. “Ga gidanka can. Matakalar nan kuwa a rabona take, tun ranar da aka raba gado. Ƙanena albarkacina yake hawa.”

Kuma gaskiyarta ce. An sayar wa Mai Firji ɗakuna da baranda da rufi, amma ba a sayar masa da hanyar zuwa wurinsu ba.

Ya zaro guduma daga jakar aikinsa ya nufi kwaɗon. Matarsa ta riƙe bayan rigarsa da hannu biyu har sai da maɓalli ya tsinke. Ya kira Barista a waya. Barista ya ce ƙaramin abu ne, a ba shi dattijuwar. Aka miƙa wa Gwaggo waya, ya yi ta zuba mata Turanci da barazanar kotu. Ta saurara har ya gama, ta miƙa wayar, ta shiga ciki ta fito da kwaɗo na biyu.

Haka aka yi hayar tsani.

Aka jingina shi da baranda ta bakin titi. Gado da katifu da tukwane duk da igiya aka ja su sama, masu shaguna sun bar ciniki suna ba da shawara. Yara kam murna suke, sun samu gidan da ake shiga kamar ana tsinko mangwaro. Uwarsu ta koyi hawa da zani ɗaure tamau, kowane taki da addu'arsa.

Amma Inna fa? Wa zai ɗora tsohuwa a kan tsani? Aka bar ta a tsohon gidan haya, a ɗaki ɗaya da maigidan ya ara musu don tausayi, ya ce zuwa ƙarshen wata kawai, domin sababbin 'yan haya sun riga sun biya. Kullum Mai Firji ya je gaishe ta sai ta ce, “Yaushe zan ga gidan namu?” Shi kuma ya ce ana ɗan gyare-gyare ne.

Matarsa dai ba ta ɗauki gaba ba. Kowace safiya sai ta leƙo daga baranda ta ce, “Gwaggo, ina kwana?” Da fari shiru. Idan ta yi girki, sai ta zuba a kwano ta sa a bokiti ta zura da igiya. Kwanon yakan dawo a wanke, ko da babu magana.

Ana cikin wannan hali, sai ga takardar kuɗin aiki daga ofishin Barista. Ashe ya sake shawara: tunda an sayi bene, akwai kuɗi kenan.

Mai Firji ya isa ofis da kayan aiki a jikinsa, bai ko yi sallama sosai ba.

“Barista, wannan fa?”

“Haƙƙina ne. Aiki na yi.”

“Na ga an rubuta kuɗin duba wuri. Wane wurin ka duba?”

Barista ya gyara zaman kwat. “Na duba shi a taswira.”

“A taswirar ba ka ga mutum yana hawa tsani ba?”

“Ka ga, abin da ka sa ni shi ne cinikin sama, kuma sama ta zama taka. Batun matakala sabon aiki ne, da nasa kuɗin daban.”

“Ni idan na gyara wa mutum firji na manta ban mayar da ƙofa ba, sai in ce ƙofa sabon aiki ce?”

“Kada ka haɗa shari'a da firji.”

“Wallahi ko sisi ba ka gani!”

“To sai mu haɗu a kotu.”

“Mu haɗu! Amma ka aiko sammaci da mai iya hawa tsani!”

Ya dawo gida yana huci. Matarsa ta bari ya sha ruwa, sannan ta zauna kusa da shi.

“Baban yara, ka tambaye shi kuɗinsa tun farko?”

“Ban tambaya ba. Ba yayanki ba ne?”

“Yayana ne, amma ba iska yake ci ba. Ya yi mana sakaci, wannan gaskiya ne. Mu ma mun so aikin banza. Kotu kuma, kafin a kira ku, Inna tana titi. Ka haɗa kuɗinsa cif ka ajiye a kan teburin nan, ka ce ya zo gida ya karɓa da hannunsa.”

Nan take idon Mai Firji ya yi haske. “Yana hawa in janye tsanin!”

“A'a. Ba ma tsare baƙo, ba ma ƙarya. Ya zo dai ya ga abin da ya sayo mana. Sauran ka bar wa Allah.”

Barista ya zo da hantsi, da kwat da jaka, yana duba agogo, domin da rana yana da shari'a gaban wani alƙali da ba ya jiran kowa. Ya tsaya ya kalli tsanin, ya kalli jama'ar da suka fara taruwa. Girman kai ya hana shi juyawa. Ya rataya jaka a wuya ya kama hawa. Tsani yana kuka, shi yana nishi, masu shaguna suna cewa, “Saura kaɗan, ranka ya daɗe!”

Ya isa, aka ba shi ruwa, ya ƙirga kuɗinsa ya sa a jaka. Ya ce sai an jima. Ya zo bakin baranda, ya ɗora ƙafa ɗaya, ya kalli ƙasa.

Jama'a, hawa daban, sauka daban.

Ƙafar ta dawo da kanta. Ya sake gwadawa, ya kasa. Ya ja da baya ya zauna daɓas a kan buhun gawayi.

“Ga tsani nan, Barista,” in ji Mai Firji, “babu wanda ya taɓa shi. Bismillah.”

“Babu... babu wata hanyar?”

“Akwai mana. Matakala. Amma ka ce sabon aiki ce.”

“Yaya, ko mu zura ka da igiya?” in ji ƙanwarsa, kuma da zuciya ɗaya ta faɗa. “Da ita aka hau da kabad.”

Barista ya kalli igiyar, ya kalli cikinsa, ya kalli agogo. Sai ya rarrafa ya kama ƙarfen baranda ya leƙa. Gwaggo tana nan a kujerarta.

“Baiwar Allah! A bisa doka...”

“Wannan muryar na san ta,” in ji Gwaggo, ko ɗaga kai ba ta yi ba. “Kai ne mai kotu? To ka sauko mu tafi.”

Titi ya fashe da dariya. Barista ya share gumi. A karo na farko a tarihin dangi, ya cire kwat.

“Gwaggo, ina kwana?”

“Yanzu ka yi magana. Lafiya lau.”

“Gwaggo, na yi kuskure. Da na tako na zo tun farko, da na gan ki, da na san matakalar taki ce. Ki yi haƙuri. Me zai sa ki buɗe?”

Sai a lokacin ta ɗaga kai. “Ka san abin da ya ƙona min rai? An sayar da saman kaina, babu wanda ya zo ya ce min ga abin da ake ciki. A gidan nan aka haife ni. Na wayi gari na ga mota da katifu, wannan ya zaro min guduma, kai ka zaro min Turanci. A cikinku duka, yarinyar nan ce kawai ta san ni mutum ce.”

Mai Firji ya sunkuyar da kai, ya matso bakin baranda. “Gwaggo, gudumar nan ban kyauta ba. Ki yafe min. Tsohuwata ce a can gidan haya, an ba ta zuwa ƙarshen wata. Don ita na sayi wurin nan, kuma har yau ba ta gan shi ba.”

Gwaggo ta daina jan carbi. “Kana da tsohuwa a waje, shi ne ba ka faɗa ba? Kai wane irin yaro ne?”

Ta kafa sharuɗɗanta: a riƙa share matakala, a sa mata ƙwan lantarki, yara kada su yi mata tsere a kai, kuma duk wanda ya wuce ya yi gaisuwa, ko lauya ne. Barista ya yagi takarda daga littafin makarantar yara, ya durƙusa ya rubuta yarjejeniya cewa mutanen sama suna da hanya har abada, su da duk wanda zai gaje su. Aka zura ta a bokiti, wani mai shago ya karanta wa Gwaggo da ƙarfi, ta sa hannu, maƙwabta suka shaida. Barista ya yi alkawarin kai yarjejeniyar a buga mata hatimi a shigar da ita cikin takardun gida, ba tare da ƙarin ko sisi ba.

Kwaɗo na farko ya buɗe, na biyu ya buɗe.

A tsakiyar matakala Barista ya tsaya ya buɗe jaka. Ya cire kuɗin duba wuri ya miƙa wa Mai Firji. “Wannan ba haƙƙina ba ne.”

“Yau kam ka duba,” in ji Mai Firji. “Riƙe abinka. Kuɗin hayar tsani dai za ka mayar min.”

Barista ya biya, ya ruga kotu da gawayi a bayan wando.

Da yamma ya dawo da kansa, ya ɗauko Inna a motarsa. Da yake gwiwoyinta ba sa hawa, aka zaunar da ita a kujerar roba, Mai Firji ya kama gaba, Barista ya kama baya, Gwaggo tana ƙasa tana cewa a bi a hankali da yayarta. Suka dire ta a ɗakinta. Inna ta shafa bango, ta yi hamdala, ta daɗe tana sa wa ɗanta albarka.

Sannan ta juya ta ga wani ƙato a bakin ƙofa, babu kwat, riga ta jiƙe sharkaf, yana haki. Ba ta gane shi ba. Ta kwance bakin zaninta ta ciro 'yan canji ta danƙa masa a hannu.

“Ungo, ɗan nan, ka sha ruwa. Ka iya dako, Allah ya yi wa sana'arka albarka.”

Ƙanwarsa ta buɗe baki za ta yi bayani, Barista ya ɗaga mata hannu. Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu.

“Amin, Inna. Na gode.”

Darasi: Kada kunya ta hana ka yanke magana tun farko, ko da ɗan'uwanka ne: mene ne aikin, nawa ne ladan. Idan an ba ka amana, ka taka da ƙafarka ka gani, kada ka karɓi kuɗin abin da ba ka yi ba. Idan kuma kai aka cuta, ka nemi haƙƙinka ba tare da ka danne na wani ba, domin gaisuwa da haƙuri suna buɗe ƙofar da guduma da barazana suka kasa. Allah ya ciyar da mu halal. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu shirin sayen gida, su tabbata an haɗa musu da matakala.